Sifiri a Harsunan Turai: Shin Kayan Aro Yana Rufe Katara?

Gabatarwa

Duk inda ɗaliban Hausa suka haɗu a kan zancen fassara da samar da sababbin kalmomi, da wuya a tashi ba a rabu gida biyu ba. Waɗansu su ce kada a kuskura a ari kalmar wani harshe muddin ana iya ƙera ta gida, su kafa hujja da cewa kayan aro ba ya rufe katara. Waɗansu kuma su ce ai duniya ta wuce nan, a ɗauko kalmar Turanci a lanƙwasa ta a ci gaba da harka. Muhawara ce mai amfani, sai dai akan yi ta da zafin rai, ba tare da an waiwayi abin da ya sami waɗansu harsuna da suka riga suka bi wannan hanya ba.

Wannan maƙala za ta ɗauki kalma ɗaya tak wadda mafi yawan harsunan Turai suka yi tarayya a kanta, ta bi sawunta daga tushe, ta dubi ma'anonin da ta haifa. Kalmar kuwa ita ce wadda Bahaushe ke kira sifiri. Ra'ayin da maƙalar ke son kafawa shi ne, abin da ke raya kalma a harshe shi ne aikin da masu harshen suka yi da ita, ko ararriya ce ko ƙirar gida.

Yaɗuwar Kalmar

Idan aka ɗauki ƙamusoshin harsunan Turai aka jera, za a tarar da wannan kalma da fuska biyu. Fuska ta farko ita ce mai nufin babu a lissafi. Mutanen Italiya da na Ingila da na Fotugal da na Folan suna rubuta ta "zero", Faransawa "zéro", mutanen Sifen kuma "cero". Fuska ta biyu ita ce mai nufin alƙalamin ƙidaya, watau kowane ɗaya daga cikin alamomin nan goma da ake rubuta lissafi da su. Faransawa suna cewa "chiffre", Jamusawa "Ziffer", mutanen Holan "cijfer", na Suwidin "siffra", na Folan "cyfra", na Italiya da Sifen "cifra", Rashawa kuma "tsifra". Ingilishi yana da "cipher", amma shi ya karkatar da ita wani wajen, kamar yadda za a gani nan gaba.

Waɗannan harsuna ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci daga Latin suka tsiro, Jamusanci da Ingilishi reshensu dabam, Rashanci da harshen Folan su ma nasu dabam. Gaskiya ne dukkansu kakansu ɗaya, kuma akwai kalmomin da suka gada daga gare shi, kamar na uwa da uba da ƙidaya daga biyu zuwa goma. To, amma sifiri ba ya cikin wannan gado. Baƙo ne da ya shigo daga baya, kuma fuskokin nan biyu duka daga kalma ɗaya ta Larabci suka fito.

Asalinta

Tushen maganar yana ƙasar Indiya. Masana lissafi na can ne suka daidaita tsarin da darajar alƙalami ke dogara ga gurbin da ya zauna. Alal misali, 2 da 7 ne a cikin 27, su ne a cikin 207, su ne kuma a cikin 270, amma adadin ya sha bamban. Abin da ya raba su shi ne alamar da ke tsare gurbin da babu kome a cikinsa. Mutanen Babila na dauri sun yi wata alama mai tsare gurbi, amma Indiyawa ne suka ɗauki babu a matsayin adadi mai zaman kansa, wanda ake tarawa da ɗebewa da ninkawa da shi. A shekarar 628 wani masani mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojinsa: in an ƙara shi a kan adadi, adadin bai canja ba, in an ninka adadi da shi, sakamakon babu. Har wa yau, a wani wurin bauta da ke garin Gwalior akwai rubutun dutse na shekarar 876 inda aka zana 270 da ɗan da'irar nan kamar yadda ake yi yau. Sunan da suka ba shi a harshen Sanskirit shi ne "shunya", ma'anarsa wofi ko fanko.

Daga nan ilmin ya iso Bagadaza. A zamanin Halifa Ma'amun, wajejen shekarar 825, Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafi a kan lissafin Indiyawa. A nan akwai abin lura. Larabawa ba su ɗauko lafazin "shunya" ba, sai suka fassara ma'anarsa da kalmar da suke da ita tun da can, watau "sifr", wadda ke nufin abin da babu kome a cikinsa. Da ita Balarabe ke siffanta wanda ya dawo hannu wofi, kuma waɗansu malaman lugga sun danganta sunan watan Safar da wannan saiwa, bisa cewa a cikinsa gidaje kan zama wayam. Daɗin daɗawa, Larabawa ba su ɓoye inda suka samo ilmin ba, domin lissafin Hindu suka riƙa kiransa a littattafansu.

Shigarta Turai

Kafin wannan lokaci Turawa da haruffan Romawa suke rubuta adadi. Mai son rubuta 207 sai ya sa CCVII, babu kuma wata alama ta babu. Ainihin lissafin kuwa a kan allo mai layuka ake yinsa da 'yan tsakuwoyi, in an gama a rubuta amsa. Layin da babu tsakuwa a kansa shi ne sifirinsu, ana ganinsa da ido, saboda haka ba a ji bukatar ba shi suna ba. Wannan ne ya sa alƙaluman Indiya suka riga sifiri shiga Turai. A wani littafin Latin da aka rubuta da hannu a arewacin Sifen a shekarar 976 an jera alƙaluma daga 1 zuwa 9, amma babu sifiri. Haka kuma Gerbert, malamin da ya zama Fafaroma a shekarar 999, ya koyar da lissafin allo da 'yan ƙwayoyi masu ɗauke da waɗannan alƙaluma tara kaɗai.

A ƙarni na 12 ne masu fassara suka juya littafin Alkhawarizmi zuwa Latin. Asalin na Larabci ya ɓace, fassarar ce ta wanzu, kuma daga sunan mawallafin Turawa suka sami kalmar "algorithm" da masu ilmin kwamfuta ke ta ambato a yau. Malaman Latin suka ji "sifr" suka rubuta "cifra". Su ba su fassara ma'ana kamar yadda Larabawa suka yi ba, lafazin suka ɗauka ɗungum.

Hanya ta biyu ta 'yan kasuwa ce. Wani yaro ɗan birnin Pisa na Italiya, mai suna Leonardo, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya bi mahaifinsa zuwa Bijaya da ke gaɓar tekun Aljeriya ta yau, inda uban ke aikin kwastan na fataken Pisa. A can ya koyi lissafin Indiyawa. A shekarar 1202 ya fitar da littafinsa Liber Abaci, cike da misalai na canjin kuɗi da riba da awo da rabon jari. Shi kuma "zephirum" ya rubuta. A bakin mutanen Italiya ta koma "zefiro", ta ƙara gogewa ta zama "zero". Yana da kyau a yi hattara a nan, domin akwai tsohuwar kalmar Latin "zephyrus", mai nufin iskar yamma, wadda Girkanci ne asalinta. Sautinsu ya yi kama, mai yiwuwa ma ita ta ja Fibonacci ga wannan rubutu, amma ba su haɗa jini ba. Kama da wane ba ta wane. Irin wannan ruɗi ne ya daɗe yana sa ana cewa boko daga kalmar Ingilishi ta littafi ta fito, har Paul Newman ya yi bayani a 2013 cewa kalmar Hausa ce tun asali.

Ba da hannu biyu aka karɓi baƙon ba. A shekarar 1299 ƙungiyar masu canjin kuɗi ta birnin Fulorans ta hana 'ya'yanta rubuta adadi da sababbin alƙaluma a littattafan ajiyarsu. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne sauƙin maguɗi, tun da ɗan jan alƙalami kaɗan kan mai da 0 ya zama 6 ko 9. Har a shekarar 1503, wani littafin koyarwa na Gregor Reisch yana ɗauke da zanen gasa tsakanin mai lissafi da allo da mai lissafi da alƙalami. Ke nan, shekara ɗari uku bayan Fibonacci ba a gama jayayya ba.

Yadda Ma'anarta Ta Rarrabu

Da fari "cifra" babu kawai take nufi. To, da yake wannan ɗan da'ira shi ne abin mamaki a sabon tsarin, shi ne kuma wanda ba a taɓa gani ba, sai sunansa ya mamaye sauran, aka riƙa kiran dukkan alƙaluman goma da shi. Daga nan sai rikici ya taso: in kowane alƙalami "cifra" ne, me za a kira ainihin babu? Faransawa da mutanen Sifen sai suka sake aro, suka ɗauko "zero" daga Italiya, Ingilishi ya bi sahu wajejen shekarar 1600. Watau harshe ɗaya ya ari kalma ɗaya sau biyu ta ƙofa biyu, ya ba kowace aikinta. Jamusawa kuwa sai suka bi wata hanya, suka ce "Null", daga kalmar Latin mai nufin ba ko ɗaya, Rashawa ma suka ce "nol". Wannan sauyi bai zo a rana ɗaya ba. A littafin lissafi na Magnitski da aka buga a Rasha a 1703, "tsifra" sifiri take nufi, sai daga baya ta koma alƙalami.

Ma'ana ta uku ita ce ta rubutun asiri. A ƙarni na 15 masarautun Italiya sun yawaita aika wa jakadunsu wasiƙu a ɓoye, inda ake musanya haruffa da alƙaluma ko waɗansu alamomi. Sai aka kira irin wannan rubutu "cifra". Wajejen 1467 Leon Battista Alberti ya rubuta risala a kan wannan fanni, ya bayyana faifai biyu masu juyawa da ake sauya haruffa da su. Wannan ma'ana ce ta rinjaya a "cipher" ta Ingilishi, daga gare ta aka sami "decipher", watau warware abin da ya shige duhu. Abin sha'awa, Larabawa sun riga Turawa nazarin rubutun asiri, domin Alkindi ya rubuta risala a kansa tun ƙarni na 9, amma shi "mu'amma" ya kira shi. Ashe ma'anar asiri Turawa ne suka ɗora wa kalmar da kansu.

Ba a tsaya nan ba. Tun zamanin Shakespeare, Baturen Ingila kan kira mutumin da ba ya tsinana kome "cipher", kamar yadda ake cewa wane holoƙo ne. A Holan, makin da malami ke ba ɗalibi "cijfer" ne. Bafaranshe ɗan kasuwa yana kiran jimlar cinikinsa na shekara da "chiffre". A Fotugal sunan alamar kuɗi mai kama da ta dala "cifrão" ne. Mutanen Hungari kuwa sun kai ta inda ba a zata ba, domin a wurinsu "cifra" abu mai ado da ƙawa take nufi. A wannan zamani kuma, abin da ake kira fasahar dijital, Rashawa da mutanen Folan daga wannan saiwa suka ƙera masa suna.

Mafi ban mamaki shi ne komawar kalmar gida. Baturke yana cewa "sıfır" in yana nufin babu, wannan kai tsaye daga Larabci. Amma kalmar sirri da yake buɗe wayarsa da ita "şifre" ce, daga Faransanci. Larabcin zamani shi ma ya karɓi "shifra" da ma'anar rubutun asiri, har ya gina mata masdari, "tashfir". Mai kaya ya dawo yana aron kayansa, don kuwa an ƙara musu abin da bai ba da su da shi ba.

Abin da Ya Kafa Ta

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya sa wannan baƙuwar kalma ta yi saiwa haka? Fassarar ƙarni na 12 da Latin aka yi ta, harshen da malamai kaɗai ke ji, shi ya sa ta daɗe ba ta fita daga zaurensu ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne makarantun lissafi da biranen Italiya suka buɗe wa 'ya'yan 'yan kasuwa, inda ake koyarwa da harshen gari, sa'an nan zuwan injin ɗab'i. A 1478 aka buga littafin lissafi a garin Treviso da karin harshen yankin. A 1522 Adam Ries ya fitar da nasa da Jamusanci, aka yi ta sake buga shi, har sunansa ya shiga karin maganar Jamusawa a kan daidaiton lissafi. A 1543 Robert Recorde ya rubuta nasa da Ingilishi. Da yaro ya ji kalmar daga bakin malaminsa cikin harshen da uwarsa ke masa magana, ya yi ciniki da ita, ya koya wa ɗansa, sai ta daina zama baƙuwa. Yau Bajamushe ba ya jin ƙanshin Larabci a "Ziffer" sai an gaya masa.

Inda Zancen Ya Shafi Hausa

Hausa ma ta sha daga wannan rijiya, amma ba ta hannun Turawa ba. Sifiri daga Larabci ta zo, haka lissafi, haka ashirin da talatin har zuwa casa'in, waɗanda suka ture tsohuwar ƙidaya irin su gomiya biyu da gomiya uku. Ba a taɓa jin mai sayar da hatsi ya ƙi cewa hamsin don kishin harshe ba. Ilmin ma ya zauna a ƙasar tun kafin zuwan Turawa, shaida kuwa ita ce Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu a kan hatimin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. A yanzu kuma ga "ziro" ta shigo ta Ingilishi, ana jin ta a bakin masu karanta lambar waya. Watau abin da ya sami Faransanci ya sami Hausa: kalma ɗaya ta shigo sau biyu ta ƙofa biyu.

Masu ƙin aro suna da hujjar da ba za a raina ba. Kalmar da aka ƙera a gida tana bayyana kanta, wanda bai je makaranta ba ma yana jin jirgin sama ya san inda aka dosa. Larabawa da kansu wannan hanya suka bi da "shunya", ta kuma yi musu kyau. Amma tarihin nan ya nuna ɗaya hanyar ita ma ta ɓulle. A Turai ma har yau ana bin duka biyu. Jamusawa sun ƙera wa talabijin suna na gida ya karɓu, sun ƙera wa tarho bai yi ƙarko ba. Faransawa sun ƙera wa kwamfuta suna a 1955, ya zauna daram. Haka abin yake a Hausa: jirgin ƙasa ya zauna, mota ma ta zauna, yanar gizo da intanet kuma suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Babu wata hukuma da ta yanke wannan hukunci, bakin jama'a ne ya yanke.

Akwai kuma masu jin daɗin wannan labari ta wata fuska, su ce ai ga shi nan, duk ilmin Turawa daga Larabawa suka kwaso. Bashin gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe shi. Sai dai wanda ya faɗe shi ya cika da cewa Larabawa ma daga Indiya suka karɓo, suka kuma ambaci haka ba tare da jin kunya ba. Tinƙaho da abin da magabata suka ba da aro ba ya koya wa yaro ko ɗaya tarawa da ɗebewa.

Matsalar Hausa a yau ba ƙarancin kalmomi ba ce. An kafa Hukumar Harshen Hausa tun 1955, an buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990, jami'o'i sun yi taruka a kan kalmomin fannoni. Manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 kuma ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin aikin Ries da Recorde, watau littafin lissafi da na kimiyya da aka rubuta da Hausa mai daɗi, wanda malamin firamare zai riƙe, ɗan kasuwa ya amfana da shi. Kalmar da ke kwance a jerin ƙamus, ba a koyar da ita, ba a ciniki da ita, ba a gardama da ita, ko ta gida ce matacciya ce.

Kammalawa

An ga yadda kalma mai nufin wofi ta tashi daga Indiya a fassare, ta ratsa Bagadaza da Bijaya, ta shiga Turai a are, ta haifi ma'anar alƙalami da ta asiri da ta maki da ta ado, har ta komo wa masu ita da sabon kaya. Karin maganar kayan aro gaskiya ce a kan abin da mai shi zai zo ya karɓe. Kalma kuwa ba a zuwa karɓarta, wanda ya yi aiki da ita ya mallake ta. Saboda haka ya kamata ɗalibin Hausa ya rage lokacin da yake ɓatawa wajen tantance wace kalma ce 'yar gida, wace ce bare. Ya zauna da ɗan'uwansa na sashen lissafi ko na kimiyya, su rubuta darasi ɗaya cikakke da Hausa, su kai shi aji su ga inda yara suka gane da inda suka yi tuntuɓe. A nan ne za a san ko sifiri za a ce ko ziro.